Yadda Ake Gano Dalilin da Sabon Rumbun Kwamfuta Ke Nuna Girma Ƙasa da Wanda Aka Saya

Masu karatu da dama sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: mutum ya sayi sabon rumbun kwamfuta, a jikin kwalinsa an rubuta 1TB ko 4TB, amma da ya jona shi sai kwamfuta ta nuna masa adadin da bai kai haka ba. Wani ya ga 931GB a madadin 1TB, wani ya ga 2TB kacal a rumbun da ya biya kuɗin 4TB, wani kuma ya tarar da 32GB a rumbun da ya kamata ya ɗauki ɗaruruwan gigabayit. Waɗannan matsaloli ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Adadin da kwamfuta ta nuna shi ne yake bayyana inda matsalar take, saboda haka aikin farko shi ne karanta wannan adadi da kyau kafin a yi maganar fomatin. An jera matakan da ke tafe daga waɗanda ba sa taɓa komai a cikin rumbu zuwa waɗanda ke share shi ƙarƙaf, don haka a bi su a jere.

Abubuwan da za ka tanada

Kusan dukan aikin ba ya buƙatar sayen manhaja. Disk Management, PowerShell da diskpart suna cikin Windows, Disk Utility yana cikin kwamfutar Mac, kuma CrystalDiskInfo, H2testw da GParted kyauta ake sauke su. Abin da zai iya cin kuɗi shi ne wayar SATA ta biyu ko sabon akwatin USB na saka rumbu, su ma sai bincike ya nuna ana bukatarsu. Ka ajiye kwalin rumbun da rasit ɗinsa, ka rubuta lambar samfurin da lambar siriyal da ke jikin takardar da aka manna masa. Idan ka riga ka zuba fayiloli a ciki, ka kwafe su zuwa wani wuri tun yanzu, domin daga mataki na huɗu akwai umarnin da ba a iya janyewa.

Mataki na 1: Yi lissafi kafin komai

Kamfanonin da ke ƙera rumbu suna lissafi da dubu-dubu: a wurinsu gigabayit ɗaya shi ne bayit 1,000,000,000, terabayit ɗaya kuma bayit 1,000,000,000,000. Windows kuwa tana lissafi da 1,024, saboda haka abin da take kira gigabayit ɗaya bayit 1,073,741,824 ne. Kamar kyalle ɗaya ne aka auna da yadi sannan aka sake auna shi da mita: adadin zai bambanta, amma kyallen bai ragu ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ninka adadin gigabayit da ke jikin kwali da 0.931. Rumbun 250GB zai nuna kusan 232GB, na 500GB zai nuna 465GB, na 1TB zai nuna 931GB, na 2TB zai nuna 1,863GB ko 1.81TB, na 3TB zai nuna 2,794GB ko 2.72TB, na 4TB zai nuna 3,726GB ko 3.63TB, na 8TB kuma 7.27TB. Haka abin yake ga SSD: na 256GB yana nuna 238GB, na 512GB yana nuna 476GB. Giɓin ya kai kusan kashi 7 cikin 100 idan an rubuta da GB, da kusan kashi 9 cikin 100 idan an rubuta da TB, shi ya sa ya fi ɗaga hankali a manyan rumbuna.

Idan abin da ka gani ya yi daidai da wannan lissafi, to rumbunka lafiyarsa ƙalau, babu abin da ya ɓata, kuma babu manhajar da za ta dawo maka da bambancin. Kwamfutocin Mac tun daga Snow Leopard na 2009 suna lissafi irin na masu ƙera rumbu, don haka rumbun da ya nuna 931GB a Windows zai nuna 1TB a Mac ba tare da an ƙara masa bayit ko ɗaya ba.

Gargaɗi: kada ka sauke duk wata manhaja da ke iƙirarin za ta ƙara girman rumbu ko ta ninka shi. Ko dai ta ɓata maka jadawalin rumbun har ya riƙa nuna girman ƙarya, ko ta shigo maka da ƙwayar cuta.

Mataki na 2: Bambance girman rumbu da girman sashe

Wannan mataki shi ne mararrabar aikin duka. Abin da kake gani a This PC, wato C: ko D: ko E:, ba rumbun ba ne, sashe ne da aka yanka a cikinsa, wanda masu gyara ke kira fatishan. Sashe zai iya zama ƙarami alhali rumbun cikakke ne.

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, ka latsa Enter. A ƙasan tagar za ka ga layuka masu suna Disk 0, Disk 1 da sauransu. Adadin da ke hagu, ƙarƙashin sunan, shi ne girman rumbun gaba ɗaya. Akwatunan da ke dama su ne sassansa: mai shuɗin layi a sama sashe ne da ke aiki, mai baƙin layi da aka rubuta Unallocated kuma fili ne da ba a ba kowa ba.

Domin samun ainihin adadin bayit, buɗe PowerShell ka rubuta:

Get-Disk | Select Number, FriendlyName, Size, PartitionStyle

Rumbun 500GB na yau da kullum zai nuna 500,107,862,016, na 1TB zai nuna 1,000,204,886,016, na 2TB zai nuna 2,000,398,934,016, na 4TB kuma 4,000,787,030,016. Ka lura da abin da aka rubuta ƙarƙashin PartitionStyle, ko MBR ne, ko GPT, ko RAW, domin za a dawo kansa. Ka kuma gwada sunan da ya fito da lambar samfurin da ke jikin rumbun. A Linux umarnin lsblk -b ne ke ba da wannan bayani, a Mac kuma diskutil list, ko ka buɗe Disk Utility ka zaɓi Show All Devices, domin idan ba ka zaɓa ba sassan kawai zai nuna maka.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Idan girman rumbun gaba ɗaya daidai ne amma sashen ne ƙarami, matsalar ta tsari ce, kuma maganinta yana mataki na 3 zuwa na 5. Idan kuwa shi kansa girman rumbun ne ya fito ƙasa da yadda ya kamata, tsallake zuwa mataki na 6, domin duk fomatin da za ka yi ba zai canja komai ba.

Mataki na 3: Yi amfani da filin da ba a raba ba

Sabon rumbu fil yakan zo babu sashe ko ɗaya. Disk Management zai rubuta Not Initialized, ko ya fito da taga yana tambayar MBR ko GPT. Zaɓi GPT, sai dai idan za a yi amfani da rumbun a tsohuwar na'urar da ba ta san shi ba, kamar kwamfuta mai Windows XP ta 32-bit. Daga nan ka danna maɓallin dama na maus a kan baƙin filin, ka zaɓi New Simple Volume, ka bar girman a iyakar adadin da ya nuna, ka ba shi harafi, ka zaɓi NTFS idan a Windows kaɗai zai yi aiki, ko exFAT idan zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac.

Gargaɗi: idan rumbun yana ɗauke da fayilolinka amma kwamfuta ta ce ka yi masa Initialize, kada ka amsa. Wannan alama ce ta lalacewar jadawali ko matsalar akwati, kuma amsawa za ta ƙara wahalar ceto abin da ke ciki.

Wani lokaci za ka tarar da ƙaramin sashe a hagu da babban baƙin fili a dama. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka. Na farko shi ne kwafe tsohon rumbu kacokan zuwa sabo: idan aka kwafe rumbun 500GB zuwa na 2TB, manhajar kwafin takan ɗauko sassan da girmansu na asali, sauran filin ya zauna a banza. Na biyu shi ne Media Creation Tool na Microsoft, wanda idan aka nuna masa rumbun waje domin shirya abin saka Windows, yakan share shi ya yanka sashen 32GB mai suna ESD-USB, ya bar sauran. Duk wanda ya ga 32GB daidai da wannan suna, ya san abin da ya faru. Na uku shi ne rubuta hoton wata babbar manhaja, misali fayil ɗin ISO na Linux, kai tsaye a kan rumbun, abin da ke barin sashe na 'yan gigabayit kaɗan.

Maganin shi ne ka danna maɓallin dama a kan sashen ka zaɓi Extend Volume, ka karɓi dukan filin da ya nuna. Wannan ba ya share fayil. Sai dai sau da yawa za ka tarar zaɓin ya dusashe ba ya dannuwa, kuma dalilansa sanannu ne. Windows ba ta faɗaɗa sashe sai idan baƙin filin yana manne da shi ta dama, ba tare da wani sashe a tsakani ba. A rumbun da aka kwafe, ƙaramin sashen Recovery ne ya saba shiga tsakani. Haka nan ba ta faɗaɗa sashen FAT32 ko exFAT. Idan sashen Recovery ne ya tare hanya, kana da zaɓi biyu: ka mayar da baƙin filin sabon sashe mai harafinsa, wanda shi ne mafi aminci, ko ka yi amfani da GParted ka matsar da sashen Recovery zuwa ƙarshen rumbu sannan ka faɗaɗa. Ga wanda bai saba ba, na farkon ya fi, domin samun C: da D: ba ya rage maka komai. Idan kuwa sashen ESD-USB ne ko na hoton ISO, kuma ba ka bukatar abin da ke ciki, share shi da Delete Volume ka yanka sabo guda ɗaya.

Gargaɗi: matsar da sashe aiki ne mai ɗaukar lokaci, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyarsa tana iya lalata sashen. Kada ka fara sai kwamfutar tana kan batiri mai caji ko UPS, kuma kana da kwafin fayilolinka a wani wuri.

Mataki na 4: Idan ya tsaya a 2,048GB, sauya MBR zuwa GPT

Wannan ita ce matsalar da ta fi addabar masu sayen rumbun 3TB zuwa sama. Tsarin MBR yana ƙirga sektoci da lamba mai bit 32, wato sekta 4,294,967,296, kuma kowace sekta bayit 512 ce, saboda haka iyakar abin da zai iya kaiwa shi ne 2,048GB a lissafin Windows. Alamar a bayyane take: rumbun 3TB zai nuna sashen 2,048GB da baƙin fili na kusan 746GB, na 4TB zai nuna 2,048GB da baƙin fili na kusan 1,678GB, kuma idan ka danna baƙin filin na biyu za ka ga New Simple Volume ba ya dannuwa. Rumbun 2TB bai shiga wannan matsala ba, tunda 1,863GB bai kai iyakar ba.

Idan rumbun na ajiya ne kawai, ba shi ke tayar da kwamfuta ba, kuma babu komai a ciki ko ka riga ka kwashe, share dukan sassansa a Disk Management, sannan ka danna maɓallin dama a kan sunansa da ke hagu ka zaɓi Convert to GPT Disk. Zaɓin ba zai dannu ba muddin akwai sashe ko ɗaya da ya rage. Idan akwai sashen da ya ƙi sharuwa, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta waɗannan, kowane a layinsa:

diskpart
list disk
select disk 1
detail disk
clean
convert gpt
exit

Lambar 1 misali ce, dole ka saka lambar rumbunka kamar yadda list disk ya nuna. Bayan haka sai ka koma Disk Management ka yanka sabon sashe, wanda yanzu zai ɗauki dukan girman.

Gargaɗi: umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata. Da ka latsa Enter ya share jadawalin rumbun da ka zaɓa, ko da kuwa shi ne mai ɗauke da hotuna da takardunka na shekaru. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne zaɓar lambar wani rumbu mai girma iri ɗaya. Dalilin saka detail disk ke nan, domin ka ga sunan samfurin kafin ka share. Abin da ya fi wannan ma shi ne ka cire duk wani rumbun waje da filashin da ba ruwansu da aikin kafin ka fara.

Idan kuwa Windows tana kan wannan rumbu, hanyar daban ce. Tun daga Windows 10 sigar 1703 akwai umarnin mbr2gpt, wanda ke sauya tsarin ba tare da share fayiloli ba. Kafin ka taɓa shi, tabbatar modabod ɗinka tana da UEFI kuma Windows ɗin ta 64-bit ce, domin tsohon BIOS ba ya tayar da Windows daga rumbun GPT. Idan an kulle rumbun da BitLocker, dakatar da shi tukuna, kuma ka ajiye mabuɗin ceto a hannu. Sannan a Command Prompt na Administrator ka rubuta:

mbr2gpt /validate /disk:0 /allowFullOS

Idan gwajin ya wuce, sai ka rubuta:

mbr2gpt /convert /disk:0 /allowFullOS

Gwajin zai ƙi wucewa idan rumbun yana da manyan sassa fiye da uku, ko yana da sashe nau'in Extended. Bayan an gama sauyin, sake kunna kwamfutar ka shiga saitin modabod, ka mayar da yanayin tayarwa daga Legacy ko CSM zuwa UEFI. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, sai kwamfuta ta ƙi tashi su ɗauka sun lalata ta, alhali saiti ɗaya ne ya rage. Ka sani kuma cewa mbr2gpt ba ya faɗaɗa sashe da kansa, sai ka koma mataki na 3 ka yi amfani da filin da ya buɗe. Umarnin ba ya aiki a rumbun da babu Windows a kansa, kuma ba shi da hanyar komawa MBR. Ga rumbun ajiya mai cike da fayiloli, gdisk na Linux yana iya sauya jadawalin ba tare da sharewa ba, amma ko da shi ba a shiga aikin babu kwafi.

Mataki na 5: Duba abin da babbar manhaja ta ci

A sabuwar kwamfuta, ko rumbun da aka saka wa Windows, wani ɓangare na filin yana tafiya ga sassan da ba a gani a This PC: sashen EFI na kusan 100MB zuwa 260MB, sashen MSR na 16MB, da sashen Recovery mai 'yan ɗaruruwan megabayit, wanda a wasu kwamfutocin kamfani ke kai gigabayit da dama. A cikin C: kuma akwai pagefile.sys da hiberfil.sys, da wuraren System Restore, da kusan 7GB da Windows ke keɓewa domin sabuntawa. Duk wannan ba matsala ba ce. Kada ka share sashen EFI domin neman fili, kwamfutar ba za ta sake tashi ba.

Masu Linux su lura cewa ext4 yana keɓe kashi 5 cikin 100 na sashe ga mai kula da tsari, wanda a rumbun 4TB ya kai kusan 200GB. A rumbun ajiya zalla ana iya rage shi zuwa kashi 1 da umarnin tune2fs -m 1 tare da sunan sashen.

Mataki na 6: Zargi akwati, direba da modabod

Idan mataki na 2 ya nuna cewa girman rumbun gaba ɗaya ne bai cika ba, to wani abu a tsakanin rumbun da Windows ne ke rage lissafin. A nan ma adadin yana tona asiri. Rumbun 3TB da ya fito a matsayin 746GB gaba ɗaya, ko na 4TB da ya fito a matsayin 1,678GB, yana nufin akwai na'ura ko direbar da ba ta iya ƙirga fiye da bit 32 ba, sai lissafin ya zagaye ya nuna abin da ya haura 2,048GB kawai. Bambancinsa da mataki na 4 shi ne a can ana ganin dukan filin amma ba a iya amfani da shi, a nan kuwa ko ganinsa ba a yi. Rumbun da ya tsaya a 128GB, ko 137GB a ɗaya lissafin, alamar tsohuwar na'ura ce mai adireshin bit 28, irin kwamfutocin farkon zamanin Windows XP.

Fara da mafi sauƙi. Idan rumbun yana cikin akwatin USB ko na'urar da ake soka rumbu a kai, ciro shi ka jona kai tsaye da wayar SATA a kwamfutar tebur, ko ka gwada wani akwatin sabon ƙira. Tsofaffin akwatuna da yawa ba sa wuce 2TB, kuma galibi an rubuta iyakar a kwalinsu. Idan ya nuna cikakken girma ta SATA, akwatin ne mai laifi, sai a canja shi. Idan rumbun yana cikin kwamfutar ne, shiga saitin BIOS ko UEFI ka ga girman da ya nuna a can. Idan can daidai ne amma Windows ta rage, sabunta direbar SATA daga shafin kamfanin da ya ƙera modabod. Tsofaffin sigogin Intel Rapid Storage Technology sun shahara da nuna 746GB. Idan a BIOS ɗin ma bai cika ba, gwada rumbun a wata kwamfutar kafin ka yi tunanin sabunta BIOS, domin sabunta shi yana da nasa haɗarin.

Gargaɗi: kada ka zuba fayiloli ko ka yi fomatin ta cikin akwatin da ke nuna girman da ba daidai ba, domin yana iya rubutu a gurbin da ba nan ba ne ya lalata abin da ke ciki. Haka kuma wasu rumbunan waje na kamfani suna sauya girman sekta zuwa bayit 4,096 ko suna kulle bayanai ta allon USB ɗinsu, ta yadda idan aka ciro rumbun aka jona ta SATA zai fito kamar babu komai a ciki. Fasa irin wannan akwati da aka rufe daga kamfani yakan kashe garanti, don haka shawarar ciro rumbu ta shafi akwatin da kai ka saka shi ne kawai.

Idan na'urar tana da rumbu biyu ko fiye, duba saitin RAID. Akwati mai rumbu biyu na 4TB da aka saita a RAID 1 zai nuna girman guda ɗaya ne, domin na biyun kwafin na farko yake riƙewa. A RAID 5 ana rasa girman rumbu ɗaya daga jimla, kuma idan aka haɗa manya da ƙanana, kowane ana ɗaukarsa da girman mafi ƙanƙanta. Sauya yanayin RAID yana share komai. Na'urorin ɗaukar hoton kyamarar tsaro da talabijin su ma suna da iyakar girman da suke karɓa, kuma littafinsu ne zai faɗa.

Mataki na 7: Nemi ɓoyayyen yanki

Idan ka gwada waya daban, akwati daban da kwamfuta daban, amma adadin bayit bai canja ba, mai yiwuwa an saita wa rumbun iyaka a cikin kansa, abin da ake kira HPA. Wasu tsofaffin modabod suna yin haka domin ajiye kwafin BIOS a ƙarshen rumbu, wani lokaci su yi kuskuren lissafi har rumbun 1TB ya koma kusan 32MB. Wasu manhajojin kwafe rumbu ma suna ɗora wa sabon iyakar tsohon.

Tayar da kwamfutar da Linux daga filashi, rumbun yana jone ta SATA domin akwatunan USB da yawa ba sa isar da wannan umarni, ka rubuta:

sudo hdparm -N /dev/sdX

A madadin X ka saka harafin rumbunka. Za a nuna lambobi biyu da layi a tsakaninsu: ta farko sektocin da ake gani, ta biyu ainihin sektocin rumbun. Idan daidai suke kuma an rubuta HPA is disabled, ba nan matsalar take ba. Idan ta farko ta fi ƙanƙanta, ana dawo da ita da umarnin hdparm -N sannan harafin p manne da lambar ta biyu, kuma manhajar za ta nemi ka ƙara wata doguwar alamar amincewa kafin ta aiwatar. Ga rumbun 1TB lambar ita ce 1953525168. Bayan haka kashe kwamfutar gaba ɗaya ka sake kunnawa, sake tayarwa kawai ba ya wadatarwa. Idan iyakar ta dawo bayan an kunna, modabod ce ke mayar da ita, sai a kashe saitin ajiye kwafin BIOS a rumbu.

Gargaɗi: kwafi lambar daga abin da allonka ya nuna, kada ka ɗauko ta daga wani wuri, domin kuskuren lamba ɗaya zai ƙara ƙanƙantar da rumbun.

Mataki na 8: Gwada ko rumbun na gaskiya ne kuma sabo ne

Buɗe CrystalDiskInfo ka gwada sunan samfuri da lambar siriyal da yake nunawa da waɗanda ke jikin takardar rumbun. Idan takarda ta ce 2TB amma sunan da ke cikin rumbun na samfurin 500GB ne, an sauya takardar ne, kuma babu gyaran da zai yi aiki. Duba Power On Hours: sabon rumbu bai kamata ya wuce 'yan sa'o'i ba. Sai dai ana iya goge wannan lissafi, saboda haka ganin sifili ba hujja ce cikakkiya ba; shigar da lambar siriyal a shafin duba garanti na kamfanin ya fi ƙarfi. Duba kuma Reallocated Sectors Count da Current Pending Sector Count, waɗanda ainihin ƙimarsu ya kamata ta zama sifili a sabon rumbu.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya yaɗu, cewa lalatattun sektoci ne ke cinye girman rumbu. Ba haka ba ne: rumbu yana maye gurbinsu daga ajiyar da aka keɓe tun daga masana'anta, kuma girman da yake bayyanawa ba ya raguwa. Rumbun da ya nuna 0MB ko 'yan megabayit a kowace kwamfuta, bayan an tabbatar ba HPA ba ne, ya lalace ne daga ciki.

Akwai kuma akasin matsalarmu, wato na'urar da ke nuna girman da ba ta da shi. Wannan ya yi yawa a cikin SSD na waje marasa sunan kamfani da ake tallata su da 2TB ko 16TB a farashin da bai dace da hankali ba, alhali a ciki ƙaramin katin ajiya ne. Alamarsa ita ce fayiloli suna shiga lafiya, amma daga baya su ƙi buɗuwa. H2testw a Windows, ko F3 a Linux da Mac, yana cika dukan filin da bayanai sannan ya karanta su, ya faɗi ainihin abin da ya zauna. A yi gwajin a rumbun da babu komai a ciki, kuma a ba shi lokaci: rumbun 1TB mai gudun kusan 120MB a daƙiƙa zai ci sa'a biyu da wani abu wajen rubutu, da kwatankwacin haka wajen karantawa. Ko da ba ka zargin komai, wannan gwaji ya cancanci a yi wa kowane sabon rumbu tun lokacin mayarwa bai ƙare ba.

Mataki na 9: Mayar da shi da hujja a hannu

Idan adadin bayit ya ci gaba da fitowa ƙasa da na samfurin a kwamfutoci biyu, ko sunan da ke ciki ya saɓa da takarda, ko gwajin rubutu ya faɗi, daina ƙoƙarin gyara. Ɗauki hoton allon Disk Management, da sakamakon Get-Disk, da shafin CrystalDiskInfo mai nuna lambar siriyal, da rahoton H2testw, ka haɗa da rasit ka koma wurin mai sayarwa, ko ka buɗe ƙorafin garanti a shafin kamfanin idan lokacin mayarwa ya wuce. Lokacin bayani ka ambaci adadin bayit, domin idan ka ce kawai bai cika ba, amsar farko da za a ba ka ita ce ta lissafin 1,000 da 1,024, wadda ka riga ka kawar tun mataki na ɗaya. Kada ka ɓare takardar jikin rumbun, kada ka kwance murfinsa, domin kowane daga cikinsu yana soke garanti. Idan ka taɓa ajiye takardu masu muhimmanci a ciki, share su kafin ka miƙa shi: ka cire alamar Quick Format domin Windows ta rubuta sifili a dukan sashen, ko ka yi amfani da clean all a diskpart bayan ka sake tabbatar da lambar rumbun, kuma ka ware wa aikin sa'o'i da dama idan rumbun babba ne.